Yadda Na Bi Sawun Kalmar Agirik Har Ta Kai Ni Makiyaya

Shekara goma sha huɗu ke nan ina koyar da darasin aikin gona a sakandare, kuma duk farkon shekarar karatu jimla ɗaya nake fara rubuta wa 'yan aji ɗaya a allo: kalmar agriculture ta fito ne daga kalmomin Latin guda biyu, ager wato gona, da cultura wato nomawa. Haka aka rubuta mana muna ɗalibai, haka take a shafin farko na littattafan darasin, ni ma haka nake miƙa ta gaba. Bana ina gama rubutawa, ko allin ban ajiye ba, sai wata yarinya da ke zaune jikin taga ta ɗaga hannu.

"Malam, a allo ager ka rubuta, amma a cikin kalmar agri ne. Ina e ɗin ta shiga? Kuma i ɗin daga ina ta fito?"

Na juya na kalli allon. Da gaskiyarta. Na ce mata ta ba ni mako guda. Ashe aikin wata biyu na ɗaukar wa kaina.

Ƙamusun da ke ofishin malamai na masu koyon Turanci ne, daga ma'ana sai furuci sai misalin jimla, babu ruwansu da asalin kalma. Don haka ranar Asabar na hau mota zuwa Zariya, wani abokina da ke aiki a jami'a ya shigar da ni ɗakin karatu, sashen manyan littattafan da ba a fita da su. A can na fara ganin ƙamus mai kawo salsalar kalma. A ƙarshen kowane bayani akwai 'yan layuka da ƙananan haruffa, cike da taƙaitattun alamomi: L, Gk, OE, Skt. Sai da na koma shafukan farko na kwafe jerin alamomin a bayan littafin darasina, sannan na gane L Latin ce, Gk Girkanci, OE tsohon Ingilishi, Skt kuma Sanskirit, tsohon harshen addini da ilimi na Indiya. Da na saba, sai na ga ashe karanta shi kamar karanta isnadin hadisi ne: wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane, ana komawa baya har inda igiyar ta tsaya.

Abin da na samu a ranar ke nan. Kalmar ta shiga Ingilishi a ƙarni na 15. A wurin Rumawa kuwa tun asali kalmomi biyu ne a rabe, agri cultura, kuma haka Kato Babba, wani dattijon ɗan siyasar Rumawa, ya sa wa littafinsa na noma suna wajen shekara ta 160 kafin Miladiyya, littafin da shi ne cikakken rubutun zube mafi tsufa da ya rage a harshen Latin. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Tsohon littafin zube na Rumawa da ya tsira ba na yaƙi ba ne, ba na sarauta ba ne, na manomi ne, yana bayanin yadda ake sayen gona da kula da shanun huɗa da matse zaitun.

Na ɗauko ƙamusun Latin na nemi agri, babu ita a matsayin kalma mai zaman kanta. Sai littafin nahawu ya warware mini. Sunan Latin ƙarshensa yana canzawa gwargwadon aikinsa a jimla: ager idan shi ne mai aikatawa, agrum idan a kansa aka yi aikin, agri idan mallaka ake nufi. Duk wanda ya zauna gaban malamin nahawun Larabci ya san wannan, ai i'irabi ne, rafa'u da nasabu da jarru. Agri cultura mudafi ne da mudafun ilaihi, sai dai su mai mallakar suke gabatarwa. Da Hausa noman gona ke nan, aikin da -n take yi a noman shi -i take yi a agri. Rabin tambayar yarinyar ya amsu.

Ɗaya rabin ne ya ja ni nesa. Ni a zatona e ɗin ce ta faɗi a agri. Ashe ba faɗuwa ta yi ba, ita ce ma baƙuwar. Tushen kalmar agr- ne, kuma Girkawa har yau agros suke cewa. Kakannin Rumawa ma agros ɗin suke cewa, da wasalin ƙarshe ya zube sai baƙaƙe suka cunkushe, harshe ya kasa ɗauka, aka cusa e a tsakani, ta zama ager. Ina karanta wannan sai kajin uwargidana suka faɗo mini a rai. Bature ya ce agric, bakin Bahaushe bai yarda g da r su haɗu babu wasali ba, muka ce agirik, kamar yadda muka yi wa burodi da firamare. Abin da muka yi wa kalmar a kasuwar kaji, shi Rumawa suka yi mata fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, kuma a daidai gaɓar.

Da a nan na tsaya, da na cika alkawarin mako guda. Amma a ƙarshen bayanin ager an rubuta a duba acre. Eka! Kalmar da nake furtawa kullum, wadda ake cinikin gona da ita, ake lissafin buhun taki da ita. Na buɗe. A tsohon Ingilishi æcer ce, ma'anarta fili ko gona kawai, daga baya ta zama ma'auni: abin da shanu biyu a karkiya ɗaya za su huɗe a yini. Shi ya sa tsohuwar ekar Ingila doguwa ce siririya, ƙafa 660 a tsawo, 66 a faɗi, don kada a yi ta wahalar juya garma. Murabba'in mita 4,047 da nake sa yara su haddace, ashe gajiyar shanu aka auna.

A nan na yi kuskuren fahimta na farko. Na ɗauka Ingilishi ya aro acre daga ager ne kamar yadda ya aro agriculture. Ƙamus kuwa bai ce daga ba, cewa ya yi 'yan uwa ne, ya jero Acker ta Jamusanci, da akrs ta harshen Gotawa, wata tsohuwar ƙabila dangin Jamusawa, da ajra ta Sanskirit mai nufin sarari, sannan ya rufe da wata kalma mai tauraro a gabanta, *agros. Na rasa gane wannan tauraron. Da na dawo gida na shiga intanet a waya, nan ma na tarar da ita cikin wata siffa mai ban tsoro, *h₂éǵros, har da lamba a gindin harafi kamar a darasin kemistiri.

Kwana biyu ina karatu a waya bayan sallar isha'i. Na gane cewa a 1786 wani alƙali Bature da ke aiki a Kalkata, William Jones, ya faɗa a wata lacca cewa Sanskirit da Girkanci da Latin sun yi kamar da ba za ta zama dace ba, dole daga tushe ɗaya suka fito, tushen da wataƙila ya riga ya ɓace. Wannan tushen ne masana suka yi ta ginawa daga baya, kakan yawancin harsunan Turai da na arewacin Indiya. Babu wanda ya taɓa ganin harafi ɗaya nasa a rubuce. Tauraron nan shaida ce ta gaskiya: yana cewa wannan kalmar ba a same ta a dutse ko takarda ba, auna ta aka yi daga 'ya'ya da jikoki.

Sai na koma kan cultura. Ita ma ta ba ni wuya, domin a ƙamusun Latin ana jera aikatau ne da siffar "ina yi", don haka a ƙarƙashin colo na same ta. Ma'anoninta suka cika rabin shafi: noma ƙasa, zama a wuri, kula da abu, girmamawa, bauta. Daga cikinta agricola ta fito, manomi, da incola, mazaunin gari. Cicero ne, marubucin Rumawa, wajen shekara ta 45 kafin Miladiyya, ya kwatanta tarbiyyar zuciya da noman gona, ta wannan hanyar culture ta zo ta zama al'ada da wayewa. Wadda ta tsaya mini a rai ita ce colonus, shi ma manomi, musamman wanda aka kai wata ƙasa aka yanka masa gona. Garin irin waɗannan mutane shi ne colonia, sau da yawa tsofaffin sojoji ne, kuma birnin Kolon na Jamus daga nan ya samo sunansa tun shekara ta 50 Miladiyya. Wannan ce kalmar da ke cikin littattafan tarihin abin da ya same mu bayan 1903. Su da sunan noma da zama suka kira shi. Mu muka ce mulkin mallaka, kuma a ganina namu sunan ya fi faɗin abin da ya faru.

Tushen colo mai tauraro shi ne *kwel-, juyawa, kewayawa, kai-kawo a wuri. Wannan bai yi mini baƙo ba ko kaɗan. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da la'asar ba ya cewa zai je aiki, cewa yake bari ya kewayo gona. Wanda yake kewaya wuri kullum shi ne mazauninsa, shi ne mai kula da shi. Daga tushen nan, ta hanyar ninka gaɓar farko, aka samu *kwekwlos, abin da ke juyawa yana sake juyawa: kuklos a Girkanci, chakra a Sanskirit, wato da'irar nan mai layuka 24 da ke tsakiyar tutar Indiya, da wheel a Ingilishi.

Da na ga *kwekwlos sai zuciyata ta buga. Keke! Ga sauti ya yi kama, ga ma'ana ta zo ɗaya, har ninkin gaɓar ga shi nan. Na rubuta da manyan baƙaƙe a takardata, na ja layi biyu a ƙasa.

A unguwarmu akwai wani dattijo da ya yi ritaya daga koyar da kimiyyar harshe, sahu ɗaya muke sallah. Na same shi da hantsi ranar Lahadi a zaurensa, yana zaune a buzu da rediyo a gefe. Bayan gaisuwa na miƙa masa takardar da hannu biyu.

"Allah gafarta Malam, wani ɗan bincike na yi, na ce bari in kawo a duba mini."

Ya sa tabarau ya bi ta layi-layi yana gyaɗa kai, har ya iso kan keke. Ya ɗago.

"Malamin gona, wa ya ba ka wannan?"

"Ni na gano, Malam."

"To zauna da kyau. Kama da wane ba ta wane."

Ya ce Hausa ba ta cikin wannan dangin sam, ita 'yar rukunin Chadi ce, danginta na nesa su ne Larabci da Ibrananci da harsunan Buzaye da tsohon harshen Masar. Ya ce in kalma biyu suka yi kama a harsuna biyu, abu uku ne: ko gado, ko aro, ko dace, kuma dace ya fi yadda mutane ke zato yawa. Ya ba ni misalin bad, wadda a Farisanci da Ingilishi duka take nufin mummuna, alhali ba su haɗa komai ba. Ya ƙara da habere ta Latin da have ta Ingilishi, ma'ana ɗaya, kama kamar an tsaga kara, amma 'yar uwar have ta gaskiya a Latin ita ce capere, kamawa.

Na ce to in kama ba hujja ba ce, mece ce hujja?

Maimakon ya amsa sai ya tambaye ni yadda Basakkwace yake cewa zauna. Na ce zamna. Sauka fa? Sabka. Ɗaure? Ɗamre. Ya ce to ka gani, ba kalma ɗaya ba ce ta canza don ganin dama, duk inda baƙin leɓe ya rufe gaɓa a irin wannan wuri, Bakano ya mai da shi u. Haka k ta yi a talaka da talauci. Wani Bajamushe, August Klingenheben, shi ya tsara wannan ƙa'ida a ƙarshen shekarun 1920, har yau da sunansa ake kiranta. Ya ce ko da a ce yau babu sauran mai cewa zamna a duniya, wanda ya san ƙa'idar, ya kuma ga zama kusa da zauna, zai iya rubuta zamna ya sa mata tauraro, kuma ya dace.

Wallahi a wannan lokacin ne duk karatun da na yi a waya ya zauna mini. Ban taɓa tunanin cewa abin da nake ji a bakin 'yan kasuwar Sakkwato da Katsina shi ne mabuɗin ba.

Ya karɓi birona ya juya bayan takardar ya ja layi a tsakiya, Latin a dama, Ingilishi a hagu. Pater da father, piscis da fish, pes da foot: duk inda Latin ke da p, Ingilishi na da f. Centum da hundred, cor da heart: k ta zama h, shi ya sa have ta tafi wajen capere. Genu da knee, gelu da cold, granum da corn: g ta zama k. Ya tsaya ya miƙo mini biron.

"Cika na gaba."

Na rubuta ager, na rubuta acre a gabanta. Hannuna har rawa yake.

Ya ce wannan ita ce ƙa'idar da Rasmus Rask ya hango a 1818, Jacob Grimm ya tsara ta a 1822. Ita ce kuma take rarrabe gado da aro: acre ta bi ta cikin canjin, don haka gadon gida ce a Ingilishi, agriculture kuwa g ɗinta na nan daram, alamar ta shigo daga baya ta hannun masu karatu. Haka kw ta zama hw, quod da what, shi ya sa wheel ta fito daga *kwekwlos ko da yake a kunne ba su yi kama ba ko kaɗan. Na tambaye shi ina shaidar cewa colo ta taɓa samun kw. Ya ce in nemi inquilinus, ɗan haya, mazaunin gidan wani, a cikinta tsohon sautin ya maƙale bai fita ba. Da na koma Zariya na duba, tana nan.

Game da keke ya ce in bar ta a inda take, Yarabawa ma haka suke kiranta, ba ta da takardar shaidar da za ta kai ta wancan gidan. Amma ya tuna mini wata kalma da tsofaffi ke faɗa, basukur. Ita aro ce daga bicycle, wadda rabinta na biyu kuklos ce ta Girkawa. Jikar *kwekwlos ta gaskiya a bakin Bahaushe ke nan, kuma ita ce ba ta yi kama da kakanta ba.

Sauran h mai lamba biyu ta *h₂éǵros. Ya ce wani saurayi ɗan Suwizalan, Ferdinand de Saussure, yana ɗan shekara 21 ya lissafa cewa dole akwai wasu sautuka a harshen kakan da suka ɓace a duk 'ya'yan da aka sani, suka bar tabonsu a jikin wasula. Shekaru suka wuce. Aka tono allunan yumɓu na Hittiyawa, wata tsohuwar al'umma mai harshen wannan dangin, a ƙasar Turkiyya, Bedřich Hrozný ya karanta harshen a 1915, sannan a 1927 Jerzy Kuryłowicz ya nuna cewa ga sautin nan a rubuce, a wuraren da lissafi ya ce za a same shi. Tun daga ranar na daina yi wa tauraron kallon zato.

Kafin in tashi ya ce in bi ager ta wani reshen. Na bi, na tarar da peregrinus, wanda ya ratsa gonaki ya fita ƙasarsu, baƙo, matafiyi. Ita ce ta zama pilgrim da ke jikin allon hukumar alhazai, da pèlerin da 'yan uwanmu na Nijar ke gani a takardunsu. Na kuma tarar da abin da ya fi komai taɓa ni. Masana da yawa suna ganin ita kanta *h₂éǵros daga aikatau *h₂eǵ- ta fito, kora, kamar yadda ake kora dabbobi. Ita ce agere ta Latin, inda ejan da ajanda suka samo asali. In haka ne, kafin kalmar ta zama gona, sunan filin da ake kora shanu ne, wato makiyaya. Ya kuma dace da abin da aka fi rinjaya a kai game da masu harshen: mutanen sararin ciyawa na arewacin Baƙin Teku da Tekun Kasfiyan, wajen shekara dubu biyar zuwa shida da suka wuce, masu shanu da tumaki da dawaki da amalanke. Ita ma *kwel- tana cikin boukolos ta Girkanci, mai kewaya da shanu, makiyayi.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Na taso na ga Fulani suna sauka a gonarmu bayan an kawar da amfani, shanu su ci kara da harawa, su bar mana taki, mahaifina har dawa yake aika musu. Na kuma ga yadda abin ya lalace a shekarun nan, har ta kai wasu ɗalibaina ba sa iya ambaton makiyayi ba tare da ɗaure fuska ba. Ga shi sunan darasin da nake koya musu, gabansa da bayansa, duka akwai sawun shanu a ciki.

Na sake kwafe komai a sabuwar takarda na mayar wa dattijon. Ya karanta har ƙarshe, gyara ɗaya ya yi. Inda na rubuta cewa asalin ager makiyaya ce, ya soke, ya rubuta a sama da ƙananan haruffa: masana da yawa suna ganin haka. Ya ce dangantakar ager da acre tabbas ce, wannan kuwa ra'ayi ne mai ƙarfi, kada in haɗa su a kwano ɗaya a gaban yara.

Ranar Talata na shiga ajin da alli kala biyu. Da fari na rubuta abin da aka samu a rubuce: agriculture, agri cultura, ager, agros, ajra, acre, eka, agirik. Da ja na rubuta masu tauraro a can sama, na ja layuka suna saukowa. Na fara da zamna da zauna, wani yaro ɗan asalin Gusau ya ce haka kakarsa take faɗa, ajin ya ɗauki surutu, kowa na kawo ta garinsu. Sannan na juya wajen taga na ce wa yarinyar e ɗinta ba ɓata ta yi ba, baƙuwa ce, i ɗin kuma ita ce -n ta noman gona. Da aka kaɗa ƙararrawa na bi layi ina duba littattafansu. Da yawa sun kwafe jajayen kalmomin sun bar tauraron, sai na sa kowa ya koma ya saka shi kafin ya fita.